Wa ya san wannan ciyawar teku ta mutanen Ailan?

Maman Biyu:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke aiki Dablin, babban birnin Ailan, ya aiko ma tsohuwarmu wata busasshiyar ciyawa, wai karagin sunanta, cikin teku take fitowa bisa duwatsu, ya ce a jiƙa a dafa da madara ko da ruwa a sa zuma da lemun tsami ta sha saboda tarin da hunturu ya tado mata. Ni dai tsoro nake ji wallahi, Inna ta tsufa. Akwai wanda ya taɓa jin labarinta?

Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki, tsohon maganinsu ne na tari da ƙirji, in ta dahu sai ta yi yauƙi kamar kuɓewa, yauƙin nan ne ke kwantar da maƙogwaro. Har abinci suke yi da ita. Ki wanke ta sosai dai don yashi da gishiri.

Malamin Lakwal:
Mutanen nan suna da irin namu da yawa fa. Maruru su jiƙa burodi da madara mai zafi su ɗaura, in mutum ya yanke su sa yanar gizo-gizo, hazbiya kuma a shafa mata zoben aure na zinariya. Makero wai sai ɗa na bakwai wanda ubanshi ma ɗa na bakwai ne zai warkar da shi. Abin da ya fi taɓa ni, daga 1937 zuwa 1939 an sa ƴan makaranta na ƙasar su je wajen kakanninsu su rubuto duk wannan cikin littafi, har yau yana ajiye kuma yana intanet kowa na iya karantawa. Mu nan Maradi kakata ta san aikin sabara da kalgo da bagaruwa ɗaya bayan ɗaya, ta rasu ban rubuta ko layi guda ba, abin na damuna har yanzu.

Yaya Babba:
Allah ya jiƙanta Malam. Amma kar a ɗauki duka, su ma da can tarin shiƙa yaro suke ratsawa ta ƙarƙashin cikin jaki, wannan ba magani ba ne. Ƙanwata ki ba Inna ta sha ba laifi, amma in tarin ya kai sati biyu ko da zazzaɓi ko jini, ki kai ta likita a duba ƙirjin.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Kwana biyar ke nan da ta fara tarin, yau da dare zan dafa mata, in bai lafa ba Litinin mu tafi asibiti in sha Allah.