Farin dutsen Figil da Bidzar: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai buɗe zance, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Duk mai bin hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru ya san farar ƙurar garin Figil. Irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti da farar ƙasa, a kansa ne mutanen da can suka bar zanensu a Bidzar. Wanda ya zauna yankin ya ba mu labari.

Direban tifa: Wa alaikumus salam. Da dutsen nan nake ciyar da iyali, ba zan kushe shi ba. Abin da ke damuna ramin da ake bari bayan an gama haƙa. Damina ta cika shi, yara su mai da shi wurin wanka, ga zurfi, ga gefe a tsaye ba wurin kamawa.

Malamar makaranta, Gidar: Na kai ɗalibaina Bidzar suna ta neman kogo, ashe zanen a ƙasa yake, kan shimfiɗaɗɗun duwatsu, da'ira cikin da'ira, sai ka tsuguna kake ganinsa sosai. Ya kai wajen 500. Tun 1933 wani Bafaranshe, Buisson, ya ba da labarinsa, a 2006 Kamaru ta sa wurin a jerin wuraren da take nema wa rajistar wuraren tarihi na duniya ta UNESCO. Wani yaro ya tambaye ni ko wannan ma za a niƙa. Na ce a'a, amma bakina kawai ya faɗa.

Mai haƙa rijiya: Malama, na ƙarƙashin ƙasa ya fi tayar min da hankali. Ruwan sama yana cin farin dutse a hankali, ƙaramar tsaga ta faɗaɗa, ruwa ya bi ta ciki a guje, ba yashin da zai tace shi. Na taɓa yashe wa wani bawan Allah rijiya, ruwan na wari. Muka duba, masai ne aka haƙa kan tsagar dutse can gaba, da rami da ake zuba shara. Mai gidan ya ce ai da nisa. A irin dutsen nan nisa ba ya ceto.

Direban tifa: Gaskiya ne, Baba. To wa za a kai wa kuka?

Mai haƙa rijiya: Ku fara da jauro, wato dagaci, ya kai wa lamido, kafin a ba da fili. In nakiya ta riga ta tashi, sai dai zancen diyya.