Ina jarin Nabila ya shiga?

Ummi, Hindawiyya: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya sai da aka kira assalatu na ajiye waya, littafin da Anti Zulai ta turo ne ya hana ni barci. Ga waɗanda ba su karanta ba: Nabila tana da kamfanin turare a Kano, Muktar ma yana da nasa. Ya ɗauke mata mai haɗa turare da albashi ninki biyu, ya karya farashi har manyan masu sarinta suka koma wajensa, ita kuma ta riga shi kama shagon da ya shekara yana bibiya. Sai da suka maka juna a kotu sannan suka gane son juna suke. Wallahi na yi kuka wajen ɗaurin auren.

Hajiya Rabi, Bab Sharif: Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi asarar hawaye. Shekarata 26 ina harkar abaya a Jidda, ban taɓa ganin namijin da ya karya mace a kasuwa ya dawo ya riƙe ta da mutunci a ɗaki ba. Ƙarya ake shirga muku, kuma mai tsada, don wata yarinyar za ta ɗauka ta yi aiki da ita.

Anti Zulai, Kandara: Haba Hajiya, tun ba ki karanta ba? Ai mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Ni tun zamanin littafin haya a Kano nake karatun nan, mu ɓoye shi a cikin littafin lissafi. Na ga lokacin da aka tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a 2007, ba su mutu ba, waya suka koma. Da can labarin ɗaya ne: 'yar talla mai kyau, ɗan Alhaji ya tsaya da mota, uwarsa ta ce ba da ita ba. Yarinyar ba ta da komai sai haƙuri da dogon gashi. Wannan kuwa tana da jari, tana da ma'aikata, in ta shigo wuri sai gabansa ya faɗi. Ya fara jin tsoronta kafin ya so ta. Ni wannan ne ya riƙe ni.

Hajiya Rabi: Ya ji tsoronta ko ya ji tsoron kasuwarta? Ki bambance, Zulai. Wanda ya kasa kayar da ke a waje ya samu hanya mai sauƙi, sadaki ne kawai.

Ummi: La'a ya Hajiya, wannan zamanin ya wuce. Tun 2018 mace a nan Saudiyya take buɗe sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, da sunanta ba sai da izinin waliyyi ba, a shekarar kuma aka fara ba mu lasin tuƙi. Ƙawayena na jami'a uku suna sayar da bakhur a Instagram da Snapchat, kowacce da asusunta na banki. Wa zai karɓe?

Hajiya Rabi: Ke da aka haifi kakanki a Makka kina da jinsiyya, wato ke 'yar ƙasa ce, ki yi magana. Mu masu iƙama, takardar zaman baƙi, labarinmu daban. Bari in ba ku na wata, ba zan kama suna ba, tana raye. Ita da wani mutumin garinmu suna sayar wa alhazai kaya a layi ɗaya, ba sa ga maciji. In ta ce riyal 60 ya ce 55. Sai ga shi da goro da alewa, wai rigimar ta isa haka. Aka ɗaura, aka haɗa jari, nata ma ya fi yawa. Mahal ɗin kuwa, wato shagon, ba sunanta ba sunansa, da sunan wani ɗan ƙasa aka buɗe, abin da ake kira tasattur. Shekara huɗu ya sake ta. Ta kai ƙara ina? Dokar da aka sabunta a 2020 ta ce ɗauri har shekara 5, tara har riyal miliyan 5, kuma mai ba da suna da mai fakewa da sunan duka take kamawa. Ta buɗe baki ta tona wa kanta asiri? Da akwatinta ɗaya ta fito. Yanzu aikatau take.

Anti Zulai: Allah ya saka mata. Amma wannan mugun miji ne da muguwar takarda, ba laifin littafi ba.

Malam Sani, Madina: A gafarce ni iyaye mata, na tsoma baki. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya haɗa abubuwan nan biyu a numfashi ɗaya: kada ɗayanku ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kada kuma ya yi neman aure a kan nemansa. Wato wanda ba ya jin kunyar shiga cinikin wani, a kula da shi a wajen aure ma. Abin da ke damuna da irin labaran nan shi ne yadda ake wanke zalunci da kyawun fuska. Ya ɗauke mata ma'aikaci, ya kore mata masu saye, sai ya ce "don ina son ki ne", shi ke nan an yafe. Ya biya ta asarar?

Ummi: Ya saya mata mota, Malam.

Malam Sani: Mota kyauta ce, ƙanwata. Haƙƙi kuma biya ake yi.

Anti Zulai: To Nana Khadija fa? Ba a harkar kasuwanci aka san juna ba?

Malam Sani: Anti, ita ta ba da dukiyarta aka tafi da ita Sham tare da yaronta Maisara, aka dawo da riba da labarin amana. Amana ta gani ta nemi auren. Ba a yi gaba ba, balle a kai ga kotu. Kada mu jingina wancan da wannan.

Maman Walid, Shari' Mansur: Ina ta karantawa ina dariya, hannuna duk sandal ne shi ya sa ban yi magana ba. Hajiya, ki yi min afuwa, yau zan karya miki lissafi. Ni na auri abokin gabana.

Anti Zulai: Allahu akbar! Baban Walid?

Maman Walid: Shi fa. Kun san mu 'yan Mai Wurno humra da dilka da turaren wuta gadonmu ne, a wajen kakata na koya tun muna bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan. Da na zo Makka ina da hajiyoyi 'yan Kano-Jidda da ke ɗaukar kayana duk Umrar azumi. Sai wani ɗan Gadarif ya ɓullo da nasa, ƙanwarsa ke haɗa masa, kwalba ta fi tawa kyau, kuɗi ƙasa da nawa. A mausimi ɗaya ya janye min hajiyoyi uku. Na tare shi a gaban mai kargo, na wanke shi tas, har da cewa humrarsa ruwan famfo ce. Bai ce uffan ba. Bayan Hajji sai ga hajiyoyin sun dawo da kansu, wai tasa ba ta kama jiki, kwana biyu ƙamshin ya tashi. Shi kuma ya aiko yayarsa, ba neman aure ba tukuna, wai in sayar masa da sari ya riƙa zubawa a kwalbarsa.

Ummi: Wallah wannan ya fi littafin!

Maman Walid: Tsaya ki ji inda ya bambanta. Shekararmu 11. Har yau littafin bashina daban, nasa daban. In ya ɗauki dozin sai na rubuta, ranar biya in miƙa hannu kamar ban san shi ba. Sirrin haɗin kuwa, yawan sandal da mahalab da farcen da nake sawa, bai sani ba, ba kuma zai sani ba, Walida zan koya wa. Ranar da ya ce mu haɗa jari na ce masa in haɗin kai yake so ga yara nan mun haɗa.

Hajiya Rabi: To ai ba ki karya min lissafi ba, 'yar nan, kin cika shi ne. Bai kayar da ke ba, ke kika kayar da shi, ya zo yana mai saye. Da humrarsa ta kama jiki da yanzu wani zancen ake.

Maman Walid: Wannan kuma Allah ne masani, Hajiya. Amma kin ce ba ya faruwa, ga shi ya faru, kuma ban ga wulaƙanci ba.

Malam Sani: Abin da Maman Walid ta yi shi ne asali. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da nasu. Ko a Malikiyyar da muka taso a kai, inda miji yake da ta cewa shi ne in za ta kyautar da abin da ya haura sulusin dukiyarta. Saye da sayarwa nata ne.

Anti Zulai: Ni dai har yanzu ina kan bakana, labari ne, an yi shi don a huta. Mace ta wuni a tsaye a gidan wani, ta dawo ta kwanta ta ga wata tana juya miliyoyi ana rawar jiki a kanta. Ku bar mu da ɗan daɗinmu.

Hajiya Rabi: Na bar ku. Tambaya ɗaya gare ni. Ummi, bayan biki kamfanin Nabila ya koma ina?

Ummi: An haɗe su ai, ya zama ɗaya.

Hajiya Rabi: Da sunan wa? Wa ke sa hannu a banki?

Ummi: Bari in duba.

Ummi: Na duba babi ukun ƙarshe. Suna Dubai, tana laulayi, ya hana ta zuwa ofis saboda ƙamshin turare yana tayar mata da zuciya. Ba a sake ambaton kamfanin ba.

Anti Zulai: An ce akwai kashi na biyu fa.

Hajiya Rabi: Madalla. Kafin ya fito ki aika wa marubuciyar, ki ce wata tsohuwa a Bab Sharif tana gaishe ta, tana kuma tambaya ina jarin Nabila ya shiga.