Shin Littafin Zoben Tolkien Na Katolika Ne?

Sadik: Jama'a, jiya wani ya ce min wai The Lord of the Rings, labarin da J. R. R. Tolkien ya rubuta kan tafiyar hallaka wani mugun zobe, littafin Katolika ne. Sau biyu na karanta shi, ban ga coci ba, ban ga Fada ba, ko sunan Yesu ba a ambata ba. Sunan Gandalf ma, dattijon matsafin labarin, daga tsohuwar waƙar mutanen Aislan aka ɗauko shi, mai labarin Odin, babban abin bautarsu na da. Ni dai tatsuniyar Turawan arewa na gani, an yi mata kwalliya.

Rifkatu: Yaya Sadik, ai mai littafin ne ya faɗa da kansa. A Disambar 1953 ya rubuta wa abokinsa Fada Robert Murray cewa aikin na Katolika ne tun daga tushe, kuma da gangan ya cire harkar ibada, don addinin ya riga ya narke a cikin labarin. Gishiri a miya ke nan. Ka tuna mahaifiyarsa ta shiga Katolika a 1900, dangi suka juya mata baya, ta rasu a 1904 yana ɗan shekara 12. Fada Francis Morgan ne ya riƙe shi a Birmingham.

Sadik: Shi ɗin ne kuma ya rubuta a gabatarwar bugu na biyu cewa ya tsani labarin da kowane abu a ciki ke wakiltar wani abu. Wanne za mu kama?

Malam Bulus: Duka biyun, ɗana. Abokinsa C. S. Lewis, wanda ɗan Angilika ne, ya kawo zaki Aslan a labaransa na Narnia, aka kashe shi, ya tashi. Ko yaro ya san Yesu ake nufi. Tolkien bai bi wannan hanya ba. Nasa addinin yana cikin yadda ya fahimci mugunta. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yanzu, ya yi kusan shekara 9 cikin mabiya Mani, masu cewa haske da duhu iko biyu ne masu kokawa tun fil'azal. Da ya bar su, sai ya koyar cewa Allah bai halicci mugunta ba, abu mai kyau ne ke lalacewa, kamar yadda gara ke cin azara. To duba littafin: Elrond, ɗaya daga cikin masu hikimar labarin, ya ce ba abin da ya faro da mugunta, har Sauron, mugun sarkin da ya ƙera zoben. Mahayan nan tara, bayin Sauron, sarakuna ne a da, zobe ya cinye su har ba abin da ya rage sai alkyabba a kan doki.

Hadiza: Malam, da girmanka, a nan nake da ja. In mugunta rashin alheri ce kawai, ya aka yi zoben ke da nufin kansa? Shi ya sulale daga yatsan Isildur, wanda ya ƙwace shi daga Sauron, shi ya bar Gollum, halittar da ta daɗe tana ɓoye da shi. Abin da babu shi ba ya ƙulla makirci. Sannan Orc fa, dodannin da ke wa Sauron yaƙi? Al'umma guda, ba a nuna ko ɗaya ya tuba ba, ana sare su kamar kara. Ina rahamar?

Malam Bulus: Kin kama ni a kan Orc, 'yata. Shi kansa Tolkien ya yi ta sauya ra'ayi kan asalinsu, har ya rasu a 1973 bai warware ba. Batun zobe kuwa, ƙarfin Sauron ne a ciki, Sauron kuma halitta ce da ta bijire. Ke ma kin san Iblis na da dabara, amma bai taɓa halittar ko ƙuda ba.

Rifkatu: Ni inda nake tsayawa shi ne bakin ramin wutar nan da za a jefa zoben a hallaka shi. Frodo, mai ɗauke da zoben, ya sha yunwa da sara da harbin gizo-gizo, ya kai zoben har wurin, sai ya ce ba zai jefa ba, nasa ne. Jarumin ya faɗi fa! Gollum ne ya gutsire masa yatsa, ya zame ya faɗa wuta da zoben. Gollum kuwa yana raye ne don Bilbo, ɗan'uwan Frodo da ya riƙe zoben kafin shi, ya tausaya masa, Frodo ya tausaya, Sam abokin tafiyar Frodo ma ya sauke takobi a kan dutsen. A wata wasiƙa Tolkien ya ɗaura wurin da Addu'ar Ubangiji, inda ake roƙon gafara kamar yadda muke gafarta wa wasu, da kada a kai mu cikin jaraba.

Sadik: Ko kuma sa'a ce kawai, mahaukaci ya yi rawa a bakin rami.

Rifkatu: Sa'ar da ta faɗo ranar 25 ga Maris? Ranar da Katolika ke tuna albishir ɗin Mala'ika Jibrilu ga Maryamu, kuma tsohuwar al'adar coci ta ce ranar aka gicciye Yesu. Ayarin masu rakiyar zoben ma 25 ga Disamba suka tashi daga Rivendell, gidan Elrond.

Sadik: To, kwanakin nan ban lura da su ba, zan koma shafukan ƙarshe in duba. Amma tambayar Hadiza kan Orc tana nan, Malam ma ya ce an kama shi.

Hadiza: Ni ma ita nake jira.