Na cire kuɗin 401(k) na zuba a IRA, ya zan rubuta a takardar haraji?

Ɗan Zango a Bronx:
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, don Allah a taimaka min kaina ya ɗaure. Bara na bar wurin aikina, akwai dala 18,000 a 401(k) ɗina, wato asusun ritaya na wurin aiki, na ce su ba ni kuɗina, sai suka turo cek da sunana amma 14,400 kawai, wai sun riƙe 3,600 na haraji. Ban ci ko sisi ba, cikin sati uku na buɗe IRA, wato asusun ritaya na ƙashin kai, na zuba su duka. Yanzu ga fom 1099-R, mai nuna kuɗin da aka fitar daga asusun ritaya, ya zo, akwati na 1 an sa 18,000, na 2a (abin da za a caji haraji a kai) ma 18,000, na 7 kuma lamba 1 (alamar cirewa kafin lokaci). Kenan duk kuɗin za a caje ni haraji alhali suna nan ajiye? Shekarata 41.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, su masu tsohon asusun ba su san inda ka kai kuɗin ba, abin da ya fita daga hannunsu kawai suka rubuta, kai ne za ka yi wa IRS, hukumar haraji ta Amurka, bayani. A fom 1040, wato babbar takardar haraji, layi na 5a ka sa 18,000, layi na 5b ka sa 3,600 kaɗai, sannan ka nuna sauran an mayar da su wani asusun ritaya ne, kalmar da ake sawa ita ce "Rollover". In da manhaja kake cikewa za ta tambaye ka nawa ka mayar, ka ce 14,400.

Inda matsalar take ita ce 3,600 ɗin nan. Doka ce su riƙe kashi 20 cikin ɗari in dai da sunanka aka rubuta cek, kuma tunda ba ka cike gurbinsu daga aljihunka cikin kwana 60 ba, ana lissafa su kamar ka cire ka ci, za su hau kan kuɗin shigarka, ga tarar kashi 10 saboda ba ka kai shekara 59 da rabi ba, wato dala 360, a fom 5329. Amma fa ba su salwanta ba, suna akwati na 4 na fom 1099-R, ka sa su a layi na 25b na fom 1040 a matsayin harajin da ka riga ka biya, in sun wuce abin da ake bin ka a dawo maka da ragowa.

Hajiya ta Greensboro:
Gaskiya Baban Ummi ya gama magana. Ni lokacin nawa cewa na yi su tura kai tsaye zuwa sabon asusun, kuɗin bai biyo ta hannuna ba, ba a riƙe komai ba, fom ɗina ya zo da harafin G a akwati na 7, alamar an tura kai tsaye, na sa sifili a 5b shikenan. Ƙanena ka adana takardar da ta nuna ranar da ka zuba kuɗin, ita ce shedarka ta kwana 60. Akwai kuma fom 5498 daga masu IRA, mai nuna abin da ka zuba, sai wajen watan Mayu yake zuwa, kar ka tsaya jiransa har 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji, ta wuce ka, na ajiya ne kawai.

Ɗan Zango a Bronx:
Allah ya saka da alheri, wallahi jiya ban yi barci ba. Na duba, takardar tana nan, kwana 19 ne tsakani. Saura in ga yadda jihar New York za ta lissafa nata.