Neman kalma: me za mu kira VOC da Hausa?

Mai shirin muhalli: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 game da ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas, inda benzin da aka samu a rijiyoyin yankin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, yana cikin rukunin da ake kira volatile organic compounds, wato VOC. Yaya zan faɗe shi? A agaza.

Bakatsine: Sinadarai masu wari.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: A'a Malam, hanci ba ma'auni ba ne, ruwa kan gurɓace tun kafin a ji warin. Halinsu shi ne gudu su bi iska. Shi ya sa in za mu ɗebi ruwan gwaji muke cika 'yar kwalba mai mililita 40 maƙil, mu rufe, mu kifa ta mu duba. In muka ga kumfar iska ko ɗaya, sai a sake ɗiba. A ɗiga asid tun kafin a rufe, a saka a ƙanƙara, a auna cikin kwana 14. A na'ura ma iska ake hura wa ruwan ta kwaso su, a kama, sannan a rarrabe. Ni "masu saurin bin iska" nake cewa.

Tsohon malamin Hausa: Kalma huɗu don abu ɗaya? Muna da mantau, muna da makarau. A ce tserau, tunda tserewa yake yi. Shekara da shekaru ina faɗa, harshen da ba ya ƙira, aro zai cinye shi.

Ɗan Damagaram: Mu nan COV muka koya a lakwal, da Faransanci. In za a ƙirƙira, a tuna da mu. Ba duk abin da Kano ta yanke ne Hausa ba.

Tsohon malamin Hausa: Wa ya ambaci Kano? Tserau ko a Maraɗi za a gane.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, ni da na ji tserau, fursuna na tuna.

Mai shirin muhalli: Don Allah a dawo, dare na yi. Organic ɗin fa? "Na halitta"?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Kada ki ce haka, Yaya. Mai sauraro zai ɗauka abu ne mara illa, alhali benzin na jawo sankarar jini. Nufin kalmar a nan, suna ɗauke da kabon.

Tsohon malamin Hausa: To a ce na gawayi. Me ya kai mu kabon?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Mai gasa masara zai zaci da shi ake, Baba. A fetur, fenti da tina, wato ruwan tsinka fenti, aka fi haɗuwa da su.

Mai shirin muhalli: Zan ce "sinadaran kabon masu saurin bin iska, irin na fetur da fenti" a farko, daga nan "masu bin iska" kawai. Na gode.

Tsohon malamin Hausa: Ya yi tsawo, 'yata, amma je ki da shi. Tserau dai ban janye ba.