Musayar Baitoci: Ɗan Kallo Ya Tsokano 'Yan Zaure

Ɗan Kallo, Gusau (Asabar, 8:10 na dare)
Salamu alaikum 'yan zaure. Shirun ya yi yawa, bari in jefa wannan. Mai amsa ya amsa da baiti.

Ni ɗan kallo ne, ku bar ni,
Duk fim ɗin da ya zo ya same ni.

Na Indiya in sun fara kuka,
Sai ka ga hawaye ya riga ni.

Na Sin in an tashi sama da naushi,
Sai in ji ƙafata na zuga ni.

Na Amurka harsashi bai ƙarewa,
Rambo ɗaya tal ya ishe ni.

Na ban tsoro in kalla da rana,
Da dare ko kyanwa ta razana ni.

Na Kano in an zo rabon gado,
Sai in ce wa ya je ya tona ni?

Tom da Jerry ma, kar ku yi dariya,
Yara kan tashi su ƙyale ni.

Basarken Matan Fada, Argungu (8:31)

Kai Ɗan Kallo, wanga ba kallo na ba,
Tarun da ba ya zaɓe ba gwani na ba,
Ya kwaso kwaɗo da kifi bai sani ba,
Mu Kabi giwan ruwa mu ka nema.

Fim guda na, Sholay, in ka san shi,
Tsara bayan tsara ba a ture shi,
Gabbar in yai tsawa kowa na jin shi,
Ko Rambo naka sai shi ba shi girma.

Dharmendra shi mun ka ce ma Sarkin Ƙarfi,
Amitabh dogo, muryatai da zurfi,
Thakur ba hannu, idonai da kaifi,
Kai ko da kyanwa da kusu ka ka fama.

Bakanike, Jega (8:33)
Kabi ta Kanta! Allah ya ja da ran Basarke. A samu ruwan sanyi a kai wa na Gusau.

Autan Ƙaura, Ƙaura Namoda (8:34)
Ba a fara ba ka fara guɗa? Yaya, rama.

Ɗan Kallo (8:52)

Basarke, fim ɗin 1975?
Kaset ɗin ma ya gaji da kai.

Kana can Ramgarh kana jiran Gabbar,
Duniya ta yi gaba ta bar ka kai kaɗai.

An yi Baahubali, an yi na biyunsa,
Kattappa ya soki ubangida nai.

Shekara biyu muna neman dalili,
Kai kana gulbi riƙe da gora dai.

Giwan ruwan naka, shekara goma
An yi ba a shiga su ba, ka tuna dai.

Autan Ƙaura (8:53)
Ta shiga! Bukin kamun kifin ai sai a 2020 ya dawo. Bakanike, ina ruwan sanyin? Ka sha abinka.

Bakanike (8:55)
Ya maimaita "dai" sau biyu a jere. Amsa-amon ya ƙare masa ne. Ba a ba shi maki ba.

Basarke (9:20)

Ka taɓa bukinmu, ni ko in taɓa ka,
Tun shekarar 2000 an kulle silimarka,
Sai ɗan allon waya bisa cinyarka,
Rambo bai kai ɗan yatsa ba ma.

Da an ka datse layi, mi ka samu?
Kun taho kuna roƙon fim wurinmu,
Mu ko muna shan iska bakin gulbinmu,
Mu ba ku, mu hana, sai mun ga dama.

Shugaban Zaure (9:24)
Basarke, na farkon wasa ne, mun karɓa. Na biyun a sassauta. Datse layukan waya da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 ba abin raha ba ne ga wanda ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba. A koma kan fim.

Mai Caji, Gusau (9:40)
Ranka ya daɗe bari in gyara masa guda, don ni ke tura wa mutane fim a waya.

Ba wanda ya roƙa, kar ka yi fahari,
Kowa ya taho min da memori,
Indiya-Hausa na zuba jeri-jeri,
Da na Ibro, don a manta da garari.

Allah ya jiƙan Rabilu Musa. Tun 2014 ya rasu, amma har gobe tsofaffi in sun miƙo waya, shi suke fara tambaya.

Ɗan Kallo (9:48)
Amin. Tunda ka ambaci fassara:

Abin da ke ban dariya a fassara,
Ba'indiye da gashin baki da Kananci.

Yana rantsuwa kamar ɗan Kwari,
Yana ciniki da mugu ba sassauci.

Da ni za a ba aikin, na rantse,
Prabhas zai yi faɗa da Zamfarci.

Mugun kuwa, mai tumbi da ƙarya,
Shi zan sa wa bakin Kabanci.

Bakanike (9:49)
Shugaba ka gani ko? Namu aka hana, nasu ana tafi.

Gwaggo ta Mafara (Lahadi, 6:45 na safe)
Ɗiyana, sai yanzu jikanyata ta karanta mini abin da kun ka kwana kuna yi. Ita ke rubutawa, ni ke faɗi.

Ku matsa, yara, Gwaggo ta iso,
Kowa ya yi nasa, ga nata.

Fim ɗin da ya kai shi ne na Nargis,
Mace da garma a kafaɗarta.

Bashin mai riba ya cinye gona,
Ruwa ya zo ya share bukkarta.

Ɗan da ta goya ya zam ɗan fashi,
Ta ɗau bindiga ta harbe abinta.

Shi ko jirgin nan naku, Titanic,
Ban ga abin kuka ba a wajenta.

An yi mata baiko, ta bi ɗan caca,
Mai cin tikitin jirgi a karta.

Mutum wajen dubu da ɗari biyar sun nutse,
Ku kuna kukan saurayinta.

Ɗan Kallo (7:02)
Gwaggo ina kwana. Na durƙusa. Mother India ta 1957 ta kada Titanic ta 1997 da kyaututtukan Oscar ɗinta 11. Amma baitin nan na huɗu ya yi nauyi a ƙasar nan tamu, na karanta na yi shiru.

Basarke (7:15)
Awo Gwaggo! Kin ga dai ta zaɓi guda. Tana wajena.

Gwaggo (7:40)
Ba ni wajen kowa. Da yamma Daɗin Kowa ni ka kallo, kai ko ba ka san shi ba.

Autan Ƙaura (8:05)
Da girmamawa ga Gwaggo, amma lokaci ya juya.

Ku tsofaffi kun tsaya a jiya,
Mu mun wuce Koriya da Turkiyya,
Jumong da bakansa ya kafa daula bayan gudun hijira da shan wuya,
Ertugrul ya biyo da zuciya.

Black Panther ya zo da baƙar fata,
Wakanda ba ta roƙon kowa,
Chadwick ya rasu 2020, mun yi ta'aziyya.

Malam Na Gwandu (8:30)
Salamu alaikum. Tun jiya nake karatu ban sa baki ba. Amma wannan ba za ta wuce ba. Auta, ɗangonka na farko gaɓa 10 ne, na uku gaɓa 22. Baitinka na biyu kuma ƙafa uku gare shi, ba amsa-amo sai a wutsiya. Ji yadda ake yi:

Da sunan Ta'ala nake fara zance,
Ka auna gaɓoɓinka, Auta, su dace,
Na ukkunka dogo, ya zo ya yi kwance,
Jumong ɗinka ya bar ka, kai ne ka kauce.

Wannan karin Mutaƙarab ne. Gajera ɗaya, dogaye biyu, sau huɗu. Ka buga da yatsa ka ji.

Bakanike (8:31)
Allahu akbar! Gwandu gidan karatu! Kabi biyu, Zamfara babu.

Autan Ƙaura (8:44)
Allah gafarta Malam, Jumong kashi 81 ne. Yaya za a yi ya shiga gaɓa goma? Kuma Ɗankwairo da yatsa yake ƙirga? Sa'idu Faru ya yi karatun arul? Kassu Zurmi fa?

Malam Na Gwandu (8:58)
Kada ka haɗa waƙar baka da rubutacciya. Su kiɗa ke riƙe musu kari: kotso, taushi, kalangu, ga 'yan amshi. In makaɗi ya ja ɗa ya yi tsawo, ganga na jiransa. Kai wa ke maka kiɗa a waya? Mai rubutu ma'auninsa arul ne. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Da su Malam Abdullahi na Gwandu ya yi waƙoƙinsa. Kuma ba yawan gaɓa kaɗai ba ne, har da nauyinta.

Mai Caji (9:03)
To in haka ne baitocin Basarke ma ba su hau ma'auni ba. Me ya sa Malam bai ƙirga nasa ba? Ko don ɗan jiha ne?

Basarke (9:06)
Ni salon Ɗandawo ni ka bi, ba ruwana da Basra.

Autan Ƙaura (9:07)
Ɗandawo ko Gambu? Mai waƙar ɓarayi ma ai naku ne, na Fagada.

Bakanike (9:08)
Shi ma ya fi ka kari. Kuma ku da Kassu na 'yan tauri, wa zai yi wa wani gori?

Malam Na Gwandu (9:15)
Na Basarke ma suna ɗingishi, na Ɗan Kallo sun fi su. Na fara da wanda ya karye ne.

Gwaggo (9:50)
Ni nawa fa, Malam?

Malam Na Gwandu (9:52)
Hajiya, naki a bar su yadda suke.

Ɗan Kallo (10:20)
Jama'a, na kawo fim an mayar min da shi makarantar allo.

Malam ya zo da mudu da awo,
Bai ce mana ko yana kallo ba.

Ko dai in an rufe ƙofar zaure,
Akwai abin da ba mu sani ba?

Malam Na Gwandu (bayan azahar, 2:40)
Ba na ɓoyewa. Akwai guda.

Ina son na Mukhtar, gwanin Libiya ne,
Da tsufa, da allo, a kan doki shi ne,
Da sun kama tsoho, abin tausayi ne,
Ya tunkari igya, sadaukin maza ne.

Umar Mukhtar malamin Alƙur'ani ne, ya yi wajen shekara ashirin yana yaƙar Italiya, suka rataye shi a 1931 a gaban mutanensa. Wannan ne fim. Sauran shagala ce.

Autan Ƙaura (2:42)
"Igya"? Malam ya haɗiye wasali don karinsa ya tsaya! Ni aka kama da ƙari, shi ya yi ragi.

Malam Na Gwandu (2:45)
Larurar waƙa ce, an halatta.

Autan Ƙaura (2:45)
Nawa ma larura ce. Ta fi taka girma ne kawai.

Ɗan Kallo (3:10)
Ku dakata, Malam ya shigo hannuna.

Malam, mai fim ɗin da ka yaba,
Mustafa Akkad ne, ɗan Siriya.

Shi ya yi na Mukhtar, shi ya yi Risala,
Shi ne kuma a bayan Halloween, gaskiya.

Mai fuskar roba da wuƙar girki,
Da ya hana ni zagawa daren jiya.

Tsohon da ka ga yana riƙe da allo,
Anthony Quinn ne, ba ɗan Libiya.

A Meziko aka haife shi, shi ne Hamza,
Ya yi kaboyi ma a duniya.

In mai yi bai tsaya layi guda ba,
Wa zai ɗaure ɗan kallo da igiya?

Da wasalinta cikakke na rubuta, Allah gafarta Malam.

Mai Caji (3:12)
Zamfara ta farke! Risala 1976, Halloween 1978, shekara biyu tsakani. Duka ina da su a kwamfuta, mai shakka ya zo ya duba sunan a farkon fim.

Malam Na Gwandu (3:30)
Abin da ya yi don neman abinci tsakaninsa da Ubangijinsa. Ni abin da ya amfane ni na ɗauka. Ɗangonka na huɗu kuma ya fi 'yan uwansa tsawo.

Basarke (4:05)

Ɗan Kallo ya yi bincike, na yaba mai,
Sunan kowa da garinsu shina gaya mai,
Amma tambai Mai Caji, shi ka zuba mai,
Wane fim ɗaya ya kai ƙarshe ya gama?

Mai Caji (4:09)
Kai Basarke kada ka sa ni a tsakiya. Amma tunda an tambaya:

Na Indiya kafin hutun rabi ya yi barci,
Na Sin yana tsallake surutu sai naushi,
Na ban tsoro yana rage murya,
Ga bashin turi tun na watan azumi.

Ba amsa-amo, na sani. Bashin dai gaskiya ne.

Bakanike (4:10)
Wannan shi ne baitin mako. Daga bakin ɗan garinsu!

Ɗan Kallo (4:26)

Barcin da na yi a tsakar fim,
Hakkina ne, ba jarrabawa ba ce.

In na farka jarumi na raye,
To ka ga ba abin da ya ɓace.

Kai ko Mai Caji, maci amana,
Gobe shagon maƙwabcinka zan wuce.

Gwaggo (5:15)
Ka biya yaro kuɗinsa tukuna, sannan ka wuce.

Autan Ƙaura (Litinin, 7:20 na safe)
Malam, na kwana ina gyara. Ga ɗango na uku:

Jumong da baka ya sha wuya.

Malam Na Gwandu (11:48)
Yanzu kuma gaɓa 9. Ina ka kai ɗayar?