Dan Allah masu lambu: ƙwallon mangwaro ya ƙi fitowa, lemon cikin bokiti kuma sai rawaya yake

Uwargida daga Gaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah taimako nake nema wajen waɗanda suka san harkar shuka. Ni a wani ƙauye nake kusa da Gaya, tsakar gidanmu an malale shi da siminti, ɗan filin da ya rage kuma turken awaki ne, shi ya sa komai a bokitin fenti da jarka nake shukawa. To akwai wani mangwaro mai shegen daɗi da maigida ya kawo daga 'Yan Lemo lokacin bazara, na tara ƙwallayen na shanya su a kan kwano suka bushe ƙarau, da ruwa ya sauka na binne, har yau shiru, jiya na tono ɗaya na fasa na ga cikin ya yi baƙi. Sai kuma lemon tsami da na sayo dashensa, yana cikin bokiti, ganyen sai rawaya yake yana zubewa alhali safe da yamma ba na fashin ba shi ruwa, har kashin kaji na zuba masa. Ko gara ce take cinsa ta ƙasa?

Manomin Kadawa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shanyar nan ita ta kashe miki ƙwallon. Mangwaro ba irin gero ko dawa ba ne da za a adana iri sai baɗi, shi da an sha shi kwanaki kaɗan yake da su, in ya yi makonni a ajiye balle a rana to ran cikinsa ya tafi. In Allah ya kai mu wani lokacin mangwaron, ki wanke ƙwallon ki bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu ya daina santsi, sai ki sa wuƙa ta gefe a hankali ki buɗe ɓawon ki zaro ɗan cikin, ki duba in fari ne tas, domin wani za ki tarar ƙwaro ya riga ya cinye shi tun yana kan bishiya, wannan yarwa za ki yi. Ki sa shi a ƙasa mai yashi doron yana sama, kar ki binne da zurfi, ƙasa ta ɗan rufe shi kawai, sati 2 zuwa 3 za ki ga tsiro jajaja ya leƙo.

Amma gaskiya bari na faɗa miki tun yanzu kar ki sha wahalar banza, manyan mangwaron nan na aure, wato waɗanda aka ɗaura wa reshen wani mangwaron, in kika shuka ƙwallonsu ba lallai ki samu irin wanda kika sha ba, kuma sai ya kai shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara 'ya'ya. Wanda aka yi wa aure shekara 3 ko 4 ya fara. Mu abin da muke yi, ƙwallon na gida mai zare muke rainowa a leda, shi ya fi juriya, wani lokacin ma tsiro biyu ko uku yake fitarwa sai a bar mai ƙarfin, in ya kai kaurin fensir sai a yanko reshen wanda ake so a ɗaura masa.

Baba mai lambu, Haɗeja:

Yarinya, kafin a ɗora wa gara laifi, tambaya ɗaya: gindin bokitin nan a huje yake? In ba a huje yake ba to lemonki ba ƙishirwa yake ji ba, nutsewa yake yi. Ruwa safe da yamma a cikin roba, a damina kuma, saiwar tana zaune cikin taɓo ba iska sai ta ruɓe, ita kuwa bishiyar da saiwarta ta ruɓe kamanninta ɗaya da mai jin ƙishi, ganye ya yi rawaya ya langaɓe, mai ita ya ga haka ya ƙara ruwa. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in da laima ki bar shi sai gobe. Ki sunsuna ma, in kin ji warin kwata to an zo wajen.

Kashin kajin kuma in ɗanye ne zafi gare shi, ƙona saiwa yake. Taki sai ya daɗe a jibge ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Kina da awaki ai kin huta, tsohon kashinsu ya fi miki. Ki zare lemon da yamma da ƙasarsa, ki datse saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda bokitin wuri biyar ko shida, sai ki haɗa ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ki ɗora shi kan bulo biyu, ruwa ya samu hanyar fita, ita ma garar da kike tsoro ba za ta samu ta shiga ta hujin ba. Ki bar shi a inuwa kamar sati guda kafin ya koma rana. In kin ga gara a kusa, toka da dakakken ganyen maina ki barbaɗa kewaye, yana rage ta, ban ce yana kawar da ita duka ba.

Maganar mangwaro a bokiti kuwa ni ban goyi baya ba sam. Bishiya ce mai doguwar saiwa, shekara ɗaya biyu za ta cika robar ta tsaya cak. Ki raina shi ki ba maigida ya kai gona. Na tukunya su ne lemon tsami, goba da rumman, su ma nan gaba sai kin mayar da su rabin duro.

Uwargida daga Gaya:

Wallahi Baba ba huji ko ɗaya, yanzu na karkata shi ruwa ya tsiyayo mai wari. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. To ruwan wanke-wanke fa, ana iya ba shi? Mu nan ruwa sai an je burtsatse.

'Yar Dutse:

Yaya, ruwan da ke da omo ko sabulu kar ki soma, a ƙasa yana bajewa amma a bokiti taruwa yake har ki ga wani fari-fari a saman ƙasar bakin ganye ya ƙone. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko gero dai ba komai, ni a ƙarƙashin gobata ma nake alwala. Ki dinga leƙa ganyen lemon da safe, akwai wata tsutsa kamar kashin tsuntsu, a 'yan kwanaki sai ta cinye sabon toho, da hannu ake tsince ta. In lemon na aure ne, duk reshen da ya fito ƙasa da inda aka yi auren ki cire shi, in kika bari shi zai rinjaye.

Ni inda na ɗan saɓa da Baba, gwanda ma tana yi a rabin duro in da taki, kuma ita ba ta kai shekara take fara 'ya'ya. Ki murje 'ya'yan a tsumma wannan santsin ya fita, ki sa uku-uku a ledar fiya wata da kika huda, domin akwai namiji akwai mace sai sun yi fure za ki gane, namijin furensa a doguwar sanda yake reto. Dabino ma haka yake, shi ya sa mu nan Dutse mai son tabbas ɗan da ya fito a gindin uwa yake nema ba ƙwallo ba.

Baba mai lambu, Haɗeja:

Gwanda ta yi, amma ta fi lemon ma ƙin ruwa ya kwanta mata. Kuma ku tuna bazara, watan Maris zuwa Mayu siminti da roba zafi suke ɗauka har saiwa ta dahu, lokacin ne za ki koma ruwa kullum da yamma, ki naɗe bokitin da tsohon buhun algarara ki jiƙa shi. Awakin nan kuma ki sa a kewaye miki da waya ko ƙaya tun yau, akuya ɗaya in ta kwance ba ta bar miki ko ganye.